Bindigar da Baba Ya Cire wa Haƙora

Ƙofofin ƙasar nan ba su da sakata. Ɗan kati za ka ɗora a jikin ƙofa, ta yi tsuwa kamar ɗan tsako, shi ke nan ta buɗe. Na daɗe a Dubai, gemuna a nan ya gama yin fari, amma har yau kunnena bai yarda cewa ƙofar da ba ta yi ƙara ba ta rufu. A inda na taso duk abin da ake dogara da shi yana da murya. Sakatar zaure tana da tata idan Baba ya zare ta zai fita sallar asuba, guga yana da tasa idan ya taɓa ruwan rijiya, tabarya tana da tata a turmin Inna. Akwai kuma wata sakatar da ta fi duk waɗannan zama a kunnena, ita ce ta bindigar mahaifina: a ɗaga, a ja baya, a tura, a kwantar. Ƙaras, ƙas. Ko yanzu na rufe ido ina jin ta.

A ɗakin da 'yata ta ba ni a filat ɗinta na unguwar Al Qusais na daɗe ina ajiye da wani ruwan fartanya, ƙarfen kawai ba ƙota, naɗe cikin farin ƙyalle a saman littattafaina. Shekara da shekaru ina kallonsa a matsayin shaida cewa na sauke amanar da mahaifina ya ɗora mini. A kwanakin nan na gane ban sauke ba, kuma wanda ya sa na zaci na sauke ɗan ɗakinmu ne, ciki ɗaya. Shi ya sa na ɗauko takarda. Da ajami nake rubutawa kamar yadda hannuna ya saba, in Allah Ya so 'yata za ta juya shi zuwa boko domin waɗanda ba su iya wancan ba. Kuma za ku ga cewa rashin iya wancan ɗin yana cikin labarin.

Mahaifinmu tsohon soja ne. Ya je yaƙin Turawa a ƙetaren teku, ya dawo da tabo a kafaɗa da shiru a baki. Saja mutanen gari suke ce masa. A lokacin daji yana nan da namansa, aladen daji sukan shiga gona su kwantar da gero kamar an yi birgima a kai, kura takan ɗauki akuya a bayan danga. Sai hukuma ta ɗauke shi aikin tsaron gonaki, ta ba shi takardar izini da wata tsohuwar bindigar soja irin wadda ya riƙe a can. Doguwa ce, mai nauyi, katako ya rufe ta kusan har baki, a gindinta akwai farantin tagulla mai wata 'yar ƙofa, inda soja ke ajiye kwalbar mai. Duk ranar da aka harba ta sai an yi mata wanka. Inna ta tafasa ruwa a buta, ni in riƙe mazurari, Baba ya tsiyaya ruwan zafin ta cikin bututu har ƙarfen ya yi ɗumi, sannan ya zura igiya mai tsumma ya yi ta ja, ya bi da man keken ɗinki. Inna takan tsaya da hannu a ƙugu ta ce, "Malam, mu da 'ya'yanmu da ruwan randa muke wanka, wannan ƙarfen ne mai gata." Shi kuma ya ce, "Ke in kin ji sanyi za ki faɗa. Ita sai dai ta yi tsatsa ta yi shiru." Yau ina zaune a gidan da ruwan zafi ke fitowa daga bango da murɗa famfo, amma ban taɓa jin ƙamshin da ya kai na ƙarfe mai ɗumi da man keke da hayaƙin kara ba.

Abin da ya canja komai ya faru ne wata kaka, ina saurayi, na sauke Alƙur'ani na fara littattafai a zauren malaminmu. Aka aiko cewa aladen daji sun addabi gonakin bakin fadama. Muka tafi da hantsi, ni ina ɗauke da goran ruwa. Baba ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ja sakata. Harbin farko ya kuskure, abin da ban taɓa gani ba a hannunsa. Na biyu ya kwantar da dabbar. Manoma suka yi ta sa albarka, muka dawo gida, aka yi wa bindiga wankanta. Babu wanda ya tambayi inda harsashin farko ya tafi, ni ma ban tambaya ba.

Bayan la'asar sai ga wani mutum daga wani ɗan ƙauye da ke can ƙetaren fadama, tafiyar da sai ka huta a hanya. Matarsa na biye da shi da goyo a baya. A hannunsa wuyan tulu ne, fasasshe. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye wuyan tulun a gaban Baba ya ce, "Saja, ga saƙonka ya iso." Ashe matar ta ɗebo ruwa daga rafi ne, tulu a kanta, sai ta ji ya tarwatse, ruwa ya sheƙe mata a jiki har ya jiƙa jaririn. Ba ta ma ji ƙarar bindiga ba sai daga baya. Tsakanin inda harsashin ya bi da ƙoƙon kanta bai kai taƙi ɗaya ba. Na ga mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa ba tare da buzu ba, ya sulale ya zauna a turɓaya. Ya daɗe yana kallon ƙafar jaririn da ta leƙo daga zani. Ya ba su haƙuri, ya sa Inna ta ɗauko sabon tulu, ya raka su har bakin gari. Da ya dawo ya ce da ni, "Harsashin soja in ya rasa wanda aka aike shi gare shi, ba ya komowa gida. Wani yake nema." Sannan ya ƙara da maganar da ita kaɗai na taɓa ji daga bakinsa game da yaƙi: "Na ga abin da yake yi wa mutum. Ban dawo gida don in sake gani ba."

Washegari muka ɗauki bindigar zuwa maƙera. Maƙerin garinmu abokin Baba ne tun suna yara, ya taɓa aiki a ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa, kuma a duk yankin shi kaɗai yake da kayan aikin da ba na gargajiya ba, suna cikin wani akwatin ƙarfe da ba ya barin kowa ya taɓa. Baba ya gaya masa abin da yake so: a gyara ta ta daina cin harsashin soja, ta koma cin ƙaramin harsashin tsuntsu, mai jan kwali, wanda ke cike da 'ya'yan darma kamar ƙwayar dawa, wanda in ya yi 'yar tafiya kaɗan sai ya gaji ya zube.

Maƙeri ya ajiye masaba ya dube shi. "Saja, rana ce ta buge ka? Ingarman doki ka kawo mini ka ce in mayar maka da shi jaki?"

"Jakin zai kai ni gona ya dawo da ni, ba wanda zai taka."

"In ta lalace a hannuna fa?"

"Sai in gaya wa gari cewa duk shekarun da ka yi a reluwe shayi kawai ka dafa wa Turawa."

"Ji ɗan banza! Kawo ta nan."

Kafin ya fara, ya zare sakatar, ya ɗaga bututun ya saita shi da rana ya ce in leƙa. Na ga wasu zane-zane a ciki suna murɗawa kamar igiyar da aka tufka, suna sheƙi. Ya ce, "Ka gan su? Su ne haƙoranta. Su suke murɗa harsashi ya tafi inda ido ba ya kai wa. Su ubanka yake so in cire." Kwana uku aka yi ana aikin. Ba wuta, ba zuga-zugi, ba dukan ƙarfe, sai wata doguwar sanda mai kaifi da ake murzawa a hankali ana ɗiga mai, baƙin gari yana fitowa kaɗan-kaɗan. In hannunsa ya gaji in karɓa, in na yi gaggawa ya make mini ƙeya ya ce ba fura nake damawa ba. Baba yana gefe a kan kututture yana jan carbi. Masu kawo gyaran garma da lauje suna zuwa suna tsayawa kallo, kowa da abin da zai ce, yawanci dai cewa suke an yi asarar ƙarfe. A rana ta uku na sake leƙawa, cikin ya yi sumul kamar cikin gora. Maƙeri ya toshe ɗan akwatin da ke ɗaukar harsashi goma da guntun katako, ya zama sai ɗaya-ɗaya za a riƙa sa mata da hannu. Aka je gindin wata kuka aka gwada. Daga kusa 'ya'yan darma suka watsu a ɓawon kamar an yafa tsakuwa. Da aka ja baya sosai, ko ƙura ba ta tashi a jikin itacen ba. Maƙeri ya tofar da yawu ya ce, "Shi ke nan, na kashe ta." Baba ya yi murmushi, irin wanda ba ya yawan yi, ya ce, "A'a, ka musuluntar da ita."

Ya je ya ajiye aikin tsaron gonaki, aka canja masa takarda zuwa ta farauta. Daga nan sai zabin daji da fakara da zomo. Samari suka laƙaba masa Saja mai harbin kurciya, yana ji yana wucewa. Amma a ranar da muka dawo daga maƙera, kafin a kira magariba, ya sa na ɗauko tawada da alƙalamin kara da takarda mai kyau. Shi bai iya rubutu ba sai sunansa da lambarsa ta soja. Ya faɗa, na rubuta da ajami, kalma bayan kalma, ya sa na karanta masa sau biyu. Wasiyya ce a kan bindigar, kuma a cikinta akwai cewa ranar da babu sauran mai farauta a gidan, a kai ta maƙera a sare ta a yi fartanya. Ya naɗe takardar siririya, ya buɗe 'yar ƙofar tagullar nan ta gindin bindiga, ya cusa ta inda kwalbar mai take zama. Ya ce, "Kai ka rubuta, a wuyanka take."

A lokacin ƙanena, autanmu, ko yaye shi ba a yi ba. Da ya taso boko aka sa shi, karatun Alƙur'aninsa kuma a bugaggen littafi ya yi, bai taɓa wanke allo ya rubuta da hannunsa ba. Ni na goya shi a kafaɗa zuwa kallon dambe, ni na saya masa takalminsa na farko na zuwa makaranta. Auta nake ce masa har yau da yake da jikoki, shi kuma Yaya.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Neman abinci ya kai ni Kano, daga Kano ya kawo ni nan, na yi shekaru a lungunan kasuwar Naif ina haɗa 'yan kasuwarmu da masu shaguna. Daji kuma ya ƙare. Inda muke jin kukan zabi ya zama gona, gonar ta zama fili, abin da ya rage na dajin kuma ya zama wurin da mutum ba ya shiga ya fito. Babu sauran mai farauta a gidanmu, sharaɗin Baba ya cika tun tuni. A nan zan faɗi laifina, don kada in tsaya gaban Allah da rabin magana. Duk zuwan da na yi gida nakan shiga ɗakin Baba in sauko da bindigar, in ja sakatar in ji ƙarar nan, in ce bari dai sai zuwa na gaba. Ba na iya kai ta a sare. Muryar mahaifina nake ji a cikin ƙarfen. Haka na yi ta jinkiri har ciwon zuciya ya kwantar da ni, likitoci suka hana ni doguwar tafiya, 'yata da ke aikin jinya a nan ta ɗauke ni zuwa wurinta. A gadon asibiti na ji tsoron in mutu da abin a wuyana. Na kira Auta a waya, na gaya masa abin da Baba ya ce, na roƙe shi ya kai ta wurin ɗan maƙerin nan da ya gaji ubansa. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. An gama."

Bayan wata biyu ya zo sarin takalma da jakunkuna, ya zo mini da ruwan fartanya a cikin jakarsa. Ya ɗora mini a cinya ya ce, "Ga bindigar Baba." Na tambaye shi katakon fa, ya ce an ƙona. Na ɗauka takardar ta ƙone tare da shi, na ce ta gama aikinta. Na yi sujadar godiya a kan tayil ɗin ɗakin nan ina kuka. Na aika aka yanka rago aka yi wa Baba sadaka. Na kira Goggo, ƙanwar Baba da ta rage, na ce mata an cika wa ɗan'uwanta burinsa, ta yi ta sa wa Auta albarka har muryarta ta dushe. Da wannan labarin ta koma ga Allah. Duk baƙon da ya zo gaishe ni sai na warware ƙyallen na nuna masa.

Zuwansa na bana, na ji ƙarfi a jikina, na ce zan bi shi Naif in ga mutane. Muka yi azahar a wani masallaci da ke cikin lungu, muka shiga wani ɗan gidan abinci tare da wani ɗan garinmu mai harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, a kasuwar Murshid Bazar, mutum mai fara'a wanda bakinsa ba ya hutawa. Aka kawo shinkafa. Auta ya naɗe hannun riga zai ci, sai ga wata laya ɗaure a damtsensa, fatar ta yi baƙi don gumi.

Mai kago ya yi dariya. "Alhaji, har Dubai ma da asirin Saja kake yawo? Shi ya sa kwantenarka ba ta kwana a tashar ruwa!"

Na ce, "Wane asiri kuma? Baba bai taɓa rataya laya ba."

"Haba Malam, wanda aka samu a gindin bindigarsa mana, ranar da aka kai ta a canja mata bututu. Wallahi bindigar nan ta yi mana rana! Tun da aka gyara ta ta koma cin harsashin zamani, irin wanda ya cika ko'ina yanzu, in 'yan sintiri suka saki ɗaya a bakin gari har ƙauyen gaba sai an ji. Ni dai na ce mutanen da sun san ƙarfe. Kai, mai shayi! Habibi, yalla, ƙaro mana shayi!"

Hannun Auta ya tsaya tsakanin faranti da baki. Shinkafar ta riƙa zubowa ta tsakanin yatsunsa. Mai kago ya dube shi, ya dube ni, dariyar ta bushe a fuskarsa. Ni kuwa ban ji fushi ba a lokacin. Wani sanyi na ji yana hawowa daga ƙafata, kamar na taka ruwan rafi da sassafe.

Na ce, "Kwance ta."

"Yaya, ba a buɗe laya. In aka buɗe ta karye."

"Wannan ni na rubuta ta. Kwance."

Mai kago ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka kwali da ita ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na farke ɗinkin. Takardar ta yi ja, ta yi laushi kamar tsumma, amma tawadar tana nan. Hannuna ne na samartaka, da manyan baƙaƙe da wasulla a cike, yadda malaminmu yake so. Ashe da Auta da masu gyaran suka buɗe 'yar ƙofar tagullar suka ga rubutun hannu irin na allo a ɓoye cikin bindigar tsohon soja, babu wanda ya iya karantawa a cikinsu, kuma babu wanda ya ga dalilin nema. Suka yanke cewa shi ne abin da ya kai Saja yaƙi ya dawo da shi da rai. Auta ya kai wa baduku ya ɗinke. Na sa tabarau na karanta masa a hankali, yadda na karanta wa Baba:

"Da sunan Allah. Wannan bindiga ba a nuna ta ga ɗan Adam. Ba a sayar da ita, ba a ba da aronta. Kada wanda ya mayar mata da haƙoranta. Ranar da babu mai farauta a gidan nan a kai ta maƙera a yi fartanya. Wanda ya saɓa, ni da shi sai gaban Allah."

Mai kawo shayi ya zo ya ajiye kofuna ya tafi, babu wanda ya taɓa. Da Auta ya ɗago kai, idonsa ya yi ja, kuma ba da muryar mai neman gafara ya fara ba.

"Yaya, kana nan sanyin na'ura yana kaɗa ka. Ka san yadda muke? An ɗauke mutum a gonarsa da rana tsaka. An kwashe shanun unguwarmu muna kallo. Da harsashin kurciya za mu tare su? Mutane suka zo suka ce gidan Saja akwai ƙarfe mai kyau yana rataye yana tsatsa. In ce musu me? In ce yayana na Dubai ya ce a yi fartanya?"

Na ce, "Tana ina yanzu?"

Mai kago ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. Wai bara waccan an yi wa 'yan sintiri kwanto a hanyar fadama, wanda yake riƙe da ita bai dawo ba, ita ma ba ta dawo ba. Ta shiga daji.

"Fartanyar fa?"

"Sifirin mota ne," in ji Auta. "Kana kwance a asibiti, Yaya. An ce kada a tayar maka da hankali."

Na yi ta juya maganarsa tun ranar, a kan sallaya da kan gado. Tsoron da suka ji gaskiya ne, ban isa in zauna a bene na bakwai in yi wa mai tsoro wa'azi ba. Da ya kira ni ya ce, Yaya, an matsa mana, ga abin da mutane suke so, da mun yi gardama, wataƙila da na yi kuka na ce ya yi abin da ya gani, mu ɗauki laifin tare mu nemi gafara tare. Abin da ba ya barina barci shi ne fartanyar. Sai da ya je maƙera ya zaɓi ƙarfe, ya tsaya aka ƙera, ya naɗe ta ya sa a jaka, ya hau jirgi da ita, ya ɗora mini a cinya yana kallon idona. Ya tsaya yana kallo na yi sujada a kan ƙarya. Ya karɓi albarkar Goggo ya ce amin. Sannan ya yi shekaru yana yawo da maganar ubansa a ɗaure a damtse, tana tsine wa abin da ya aikata, shi kuma yana cewa ita ke kawo masa kasuwa. A zamanin da na taso, mutum yakan zo da wuyan tulu ya ajiye a gabanka ya ce ga abin da ka yi, kai kuma ka zauna a ƙasa ka karɓa. Yanzu an iya naɗe abu a farin ƙyalle.

Ranar da zai koma ya zo Al Qusais yin sallama. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina kamar yadda yake yi tun yana yaro, ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Na ce nawa haƙƙin ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa, ban kai ba tukuna, ba zan yi masa ƙarya ba. Na Baba kuwa ba a hannuna yake ba. Na warware ƙyallen na miƙa masa ƙarfen. Na ce ya kai a sa mata ƙota, ya je maƙabarta ya nome ciyawar da ke kewaye da kabarin Baba da na Goggo da hannunsa, kada ya aiki kowa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya tsaya kamar zai tambayi takardar, sai ya fasa. Ƙofa ta yi 'yar tsuwarta ta rufe a bayansa.

Takardar tana cikin Alƙur'anina yanzu. Ba na buƙatar buɗe ta, na haddace. Abin da ya rage mini shi ne sanin cewa a wani wuri cikin dajin da na taɓa bi da goran ruwa, wani hannu da ban sani ba yana ɗaga sakatar nan, ya ja, ya tura, ya kwantar. Ƙarar da na ƙi rabuwa da ita har na ɓata lokacin da aka ba ni, yanzu wani yana jin ta, kuma ba mahaifinsa take tuna masa ba. Da na kai ta maƙera a zuwana na farko, da Auta bai sami abin da zai ci amanata da shi ba. Wannan ma a wuyana yake.

Bayan kowace salla nakan yi wa Baba addu'a, in yi wa Inna da Goggo, in daure in sa Auta. Sannan in ƙara wata da ban taɓa jin wani malami ya koyar ba. Akwai wata mata a can, ban san sunanta ba, ban san ƙauyensu ba, wataƙila yanzu haka tana hawowa daga rafi da ruwa a kanta da goyo a bayanta. Ya Allah, in an saki harsashin nan, Ka sa tulun kawai zai samu.